Bankin da Ya Yi Watsi da Kasafin Shekara: Abin da Ya Faru a Handelsbanken Tun 1970

Duk wanda ya taɓa zama a sashen kuɗi na kamfani ya san yadda watan Nuwamba yake. Takardun kasafi sun fita zuwa kowane sashe tun Oktoba, sun dawo, an mayar, sun sake dawowa. Manajan ciniki ya san zai iya sayar da buhu 12,000, sai ya rubuta 10,000, domin da wannan adadin za a auna shi baɗi. Mai kula da injuna ya san abin da gyara zai ci, sai ya ɗora wani abu a kai, domin ya san za a zaftare. Mu kuma a sashen kuɗi mun san ya ɗora, sai mu zaftare, shi ma ya san mun sani. Taya ne da albarka kamar a Kantin Kwari, har a kai ga sallama. Abin da yake ƙona mini rai shi ne, a ƙarshe wannan cinikin ne ake ɗaurewa da bango mai kyau, a kai wa daraktoci, a ce ga tsarin kamfani na shekara.

Idan abin ya ishi mai gida, yawanci maganarsa ɗaya ce: a nemo manhaja. Ni kuwa a ganina an bar jaki ana dukan taiki. Abin da ya tsayar da ni a kan wannan ra'ayi shi ne labarin wani banki a ƙasar Suwidin, wanda ya magance ciwon kasafinsa tun kafin a ƙirƙiro manhajar lissafi ta Excel.

Stockholm, 1970

An kafa Handelsbanken a Stockholm a 1871. Zuwa ƙarshen shekarun 1960 yana cikin manyan bankunan arewacin Turai, amma girman ya zame masa kaya. Hedkwata ta cika da kwamitoci da sassan tsare-tsare, kuɗin gudanarwa ya yi yawa, riba ta yi ƙasa da ta abokan gasa. A kan haka kuma bankin ya shiga matsala da hukumomi a kan dokokin musayar kuɗin waje, har shugabancinsa ya girgiza. A 1970 aka ɗauko Jan Wallander aka damƙa masa ragama.

Wallander bai taso a cikin manyan bankuna ba. Masanin tattalin arziki ne da ya shugabanci cibiyar bincike ta masana'antun Suwidin, inda ya shafe shekaru yana aikin hasashe, sannan daga 1961 ya riƙe wani ƙaramin banki na yanki, Sundsvallsbanken, a arewacin ƙasar. Wannan tarihin nasa yana da muhimmanci. Mutumin da ya soke kasafi ya fi kowa a bankin sanin yadda ake ƙera hasashe, shi ya sa ya san inda yake tsagewa.

Hujjarsa mai sauƙi ce. Kasafi hasashe ne, kuma kusan kowane hasashe yana tsaye ne a kan zaton cewa gobe za ta yi kama da yau. Idan hakan ta tabbata, to ba a bukatar watanni ana cike takardu kafin a gane cewa a ci gaba da abin da ake yi. Idan kuwa wani babban abu ya faru ya karya al'ada, kasafi ba zai hango shi ba, domin daga alƙaluman jiya aka gina shi. Abin da ya fi muni, in ji shi, shi ne kasafin yana rufe wa mutane ido. Manaja yana ganin alamun sauyi a gabansa, amma hankalinsa yana kan cika adadin da ya sa wa hannu wata goma da suka wuce. Daga baya ya rubuta littafi a 1994 inda ya kira kasafi wahalar da babu dole a cikinta.

Sai ya soke shi. Ba ragewa ya yi ba, ba sauƙaƙa takardun ya yi ba. An daina kasafin shekara a bankin baki ɗaya.

Abin da aka kafa a madadinsa

Nan ne masu ba da wannan labari suke yawan yin gaggawa, alhali nan ne naman yake. Soke kasafi aikin yini ɗaya ne. Abin da ya ɗauki shekaru shi ne gina abin da zai riƙe bankin bayan an cire shi.

Da farko ya sauya tambayar da ake yi wa kowa. Da ana tambaya, ka cika adadin kasafinka? Yanzu aka koma tambaya, ka fi takwarorinka? Bankin gaba ɗaya ya ɗaukar wa kansa manufa guda: ribar da jarin masu hannun jari yake haifarwa ta fi matsakaicin abin da bankunan da yake gasa da su suka samu. Babu adadin da aka yanka tun farkon shekara, don haka babu abin da za a yi ciniki a kansa. Idan shekara ta yi kyau kowa ya samu, ba za ka yi tinƙaho da ribar da iska ta kawo ba, domin maƙwabcinka ma ya samu. Idan shekara ta yi tsanani, ba za a tsire ka a kan abin da ya fi ƙarfinka ba, muddin ka fi wasu tsayuwa. Sai an gwada akan san na ƙwarai, kuma gwajin a nan da mutanen da suka sha rana ɗaya da kai ne.

Aka sauko da wannan awon har ƙasa. Ana jera yankuna, ana jera rassa, kowa yana ganin matsayinsa da na ɗan'uwansa. Babban ma'aunin reshe shi ne nawa ya kashe kafin ya samu krona 100 (krona shi ne kuɗin Suwidin). Manajan da ya ga reshensa a ƙasan jeri ba ya bukatar wasiƙa daga hedkwata. Shi da kansa zai ɗauki waya ya kira wanda yake sama ya tambaye shi yadda yake yi.

Na biyu, aka mayar da iko hannun reshe. Taken bankin ya zama cewa reshe shi ne banki. Kowane abokin hulɗa, daga mai ƙaramin asusu har babban kamfani, na wani reshe ne takamaimai, kuma ribarsa ko asararsa a littafin wannan reshen take sauka. Manaja shi yake yanke yawan ma'aikatansa, da farashin da zai ba abokin hulɗa, da irin hajar da zai tallata. Rance mai girma yana hawa sama a duba shi, amma ba a ba da rancen da reshe bai amince da shi ba. Suna da wata ƙa'ida da suke dangantawa da hasumiyar coci: manaja ya yi harka iya inda idonsa zai kai idan ya hau hasumiyar cocin garinsu. Mu da muka san cewa mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, ba sai an yi mana dogon bayani ba.

Hedkwata kuma ta koma mai sayar da hidima. Sashen kwamfuta, alal misali, ba ya karɓar kaso daga kasafi ya kashe yadda ya ga dama. Yana cajin rassa kuɗin aikin da ya yi musu, kuma wakilan rassa suna zama su yi jayayya a kan farashin. Wannan ya fi kowane zaftare kasafi tasiri, domin mai biya ne yake tambaya, ba akanta ba.

Na uku, kuma wanda nake ganin shi ne ginshiƙin, aka raba kuɗin aljihun mutum da adadin da ya yi alkawari. Ma'aikacin reshe ba ya samun garaɓasa don ya sayar da kati kaza ko ya ba da rance kaza. A 1973 aka kafa gidauniyar Oktogonen. A lokacin, duk shekarar da bankin ya fi matsakaicin abokan gasa, sai a zuba wani kaso na rarar a cikinta, kuma rabon kowa daidai yake, daga mai karɓar kuɗi a kanta har shugaban banki. A tsarin asali ba a taɓa kuɗin sai mutum ya kai shekara 60, kuma yawancinsa ana sayen hannun jarin bankin ne da shi, har gidauniyar ta kai ga riƙe kusan kashi 10 cikin 100 na ƙuri'un masu hannun jarin bankin. Mutumin da zai jira shekara 30 kafin ya ci ba zai ba da rancen banza a Disamba don ya cika adadi ba.

Duk wannan ba zai yiwu ba sai da abu ɗaya: alƙaluma na gaskiya, masu zuwa da wuri, waɗanda kowa yake gani. Bankin ya zuba ƙarfinsa a kan tsarin lissafi da zai fitar da riba da asarar kowane reshe a kai a kai. Ƙarfin da ake ɓatawa wajen ƙirƙirar alƙaluman baɗi aka mayar da shi wajen sanin alƙaluman watan jiya. Duk wannan a zamanin manyan kwamfutoci masu cika ɗaki. VisiCalc, kakan manhajojin jadawali, sai a 1979 ya fito, Excel kuma sai 1985.

Ranar gwaji

A tsakiyar shekarun 1980 Suwidin ta sassauta dokokin ba da rance. Bankuna suka shiga tseren ba da bashi, musamman a harkar gine-gine, farashin gidaje ya yi sama, sannan ya fashe a farkon shekarun 1990. A Satumba 1992 babban bankin ƙasar ya ɗaga kuɗin ruwa na ɗan lokaci har zuwa kashi 500 cikin 100 don ya kare krona. Bai yi nasara ba. A ranar 19 ga Nuwamba 1992 aka saki krona kasuwa ta yanka mata daraja, ta faɗi. Gwamnati ta karɓe Nordbanken da Gota Bank, aka kafa kamfanin Securum don ya kwashe ruɓaɓɓun basussuka. Handelsbanken ya yi asarar rance kamar kowa, amma bai nemi ceton gwamnati ba. Haka kuma ya tsallake rikicin 2008 ba tare da an zuba masa jarin gwamnati ba. Bankin ya yi fiye da shekara 40 a jere yana ba da rahoton cewa ya cika manufarsa ta fin matsakaicin abokan gasa.

Ba zan ce rashin kasafi kaɗai ne ya tsirar da shi ba. Bankin yana da tsantseni wajen ba da rance tun asali. Amma tsantsenin ya samu wurin zama ne domin babu wani adadin rance da aka rataya wa manaja a wuya.

Wanda ya karanta abin da ya faru da krona a 1992, in dai yana harkar kamfani a Najeriya, dole ya tuna 2023. Kasafin gwamnatin tarayya na wannan shekarar an gina shi ne a kan dala ɗaya naira 435 da 'yan kwabbai, kuma kamfanoni da yawa daga nan suke aro nasu adadin. A ranar 29 ga Mayu aka ce tallafin mai ya tafi, lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 zuwa sama da 500 a Kano. A ranar 14 ga Yuni Babban Banki ya saki naira. Kasafin 2024 aka ɗora shi a kan naira 800, amma kafin Fabrairu ta ƙare dala ta haura 1,500. A Afrilu kuma kuɗin wutar masu rukunin A, wato waɗanda aka fi ba wuta, ya koma naira 225 kowane yunit. Na zauna a tarukan wata-wata a lokacin, a wani kamfani da ba zan ambata ba, inda ake kiran manajoji ɗaya bayan ɗaya su bayyana dalilin da ya sa kuɗin dizal da sufuri ya zarce kasafi. Kowa a ɗakin ya san dalilin. Awannin da ya kamata mu yi muna tattauna sabon farashi da yawan kayan da za mu ajiye, mun ƙarar da su muna kare kanmu daga takardar da ta riga ta mutu tun Yuni. Wannan shi ne rufe idon da Wallander ya yi magana a kai, na gan shi da idona.

Inda misalin yake da iyaka

Rassan banki suna kama da juna, don haka jera su yana da ma'ana. Kamfanin da yake da masana'anta ɗaya a Sharaɗa ko Challawa ba shi da reshe 400 da zai gwada. Bankunan Suwidin suna wallafa sakamakonsu duk wata uku, alhali yawancin abokan gasar ɗan kasuwarmu ba sa nuna wa kowa littafinsu. Sannan bankin da zai ba ka rance zai nemi hasashen kuɗin shiga da fita, ko kana so ko ba ka so. Shi kansa Handelsbanken bai daina lissafin tsabar kuɗi da ƙarfin jari ba, domin hukuma tana tilasta masa. Kuma tsarin rassan bai tsira daga zamani ba. A Satumba 2020 bankin ya sanar da rage rassansa na Suwidin daga kusan 380 zuwa kusan 200, saboda mutane sun koma harka ta waya.

Amma iyakar ba ta rushe darasin ba. Mai depo a Gusau da Jos da Maiduguri yana iya gwada su da juna a kan kuɗin sufuri na kowane tan, ko kwanakin da bashi yake yi a hannun dillalai. Mai masana'anta ɗaya yana iya gwada aikin dare da na rana, ko wannan wata da watanni 12 da suka gabata, a kan lita nawa ta dizal aka ƙona kafin a fitar da tan ɗaya. Irin wannan awon ba ruwansa da faɗuwar naira.

Ga wanda ba zai iya soke kasafi ba, hanyar da kamfanin mai na Norwe, Statoil, wanda yanzu ake kira Equinor, ya bi daga 2005 ta fi sauƙin kwaikwayo. Bjarte Bogsnes, wanda ya jagoranci aikin, ya lura cewa ana tilasta wa adadi ɗaya ya yi aiki uku: ya zama buri, ya zama hasashe, ya kuma zama izinin kashe kuɗi. Buri yana son a ɗaga shi. Hasashe yana son gaskiya ko da ɗaci. Izinin kashe kuɗi kuwa kowa yana son ya yi yawa. Adadi ɗaya ba zai ɗauki ukun ba sai ya yi ƙarya. Sai suka raba su, kowanne da adadinsa da lokacinsa. Hasashe ana sabunta shi idan abu ya sauya, kuma ba a hukunta kowa a kansa.

Sai maganar manhaja

Bayan an yanke waɗannan shawarwari ne sayen manhaja yake da ma'ana, kuma a lokacin zaɓin ma ya fi sauƙi, domin ka san abin da kake nema.

A fara bambance abu biyu da masu talla suke son cakuɗawa. Sage da QuickBooks da Tally da Odoo da SAP littafin kamfani ne, suna rubuta abin da ya riga ya faru. Anaplan da Workday Adaptive Planning da IBM Planning Analytics da Jedox da Vena kuwa na tsara gaba ne, kuma daga littafin suke shan ruwa. Idan littafinka yana ɗaukar mako shida kafin a rufe wata, ko ba ya iya raba ribar depo ɗaya daga ɗaya, to manhajar tsarawa za ta ba ka zane mai launi a kan alƙaluman da babu su. Kamfanoni da yawa da na gani suna neman ta biyu, ta farko ce ba su gyara ba. Darasin Handelsbanken a nan kai tsaye yake: kuɗinka ya fara zuwa wajen sanin jiya da wuri.

Idan an wuce nan, abin da zan fi dubawa shi ne ko manhajar tana gina lissafi a kan tushe. Wato kuɗin dizal ba adadi ne da wani ya buga ba, lita ce sau farashi, litar kuma tana bin yawan kayan da za a sarrafa. Haka kayan da ake shigowa da su, dala ce sau canji. Idan an gina shi haka, ranar da canji ya motsa sai a sauya gurbi ɗaya, komai ya bi. Sannan a duba ko tana barin buri da hasashe su zauna gefe da gefe ba tare da ɗaya ya goge ɗaya ba, da kuma ko hasashen yana iya mirginawa gaba, ya haura Disamba, maimakon ya tsaya a bangon ƙarshen shekara.

Akwai kuma tambayar da ba a cika yi ba: wa zai gani? Yawancin waɗannan manhajoji ana biyansu ne duk shekara, sau da yawa gwargwadon yawan masu shiga, kuma da kuɗin waje. Don a rage tsada sai a sayi kujera biyar, duk a ba sashen kuɗi. Shi ke nan an sake gina hedkwatar da Wallander ya rusa, manajan depo yana jiran a aiko masa da sakamakonsa. Gara manhaja mai sauƙi da mutum 40 za su buɗe, da mai tsada da mutum biyar za su kulle. A lissafa kuɗinta na shekara uku a kan canjin da ya fi na yau muni, a haɗa da kuɗin masu kafa ta, wanda yakan yi nauyi ƙwarai. A tambayi wanda zai gyara tsarin idan aka buɗe sabon depo: ma'aikacinku ne, ko sai an kira ƙwararre daga Legas ko Dubai? Ga kamfanin da mutanensa suka saba da Excel, irin su Vena da Jedox da suke aiki ta cikinsa suna rage wahalar koyo. Ga ƙaramin kamfani kuwa, Excel ɗin kansa, idan an gina shi a kan tushe kuma mutum ɗaya ne yake riƙe da asalin fayil, yana iya ɗaukar shekaru.

Ranar da masu talla za su zo nuni, kada a bar su su yi amfani da alƙaluman wani kamfanin da suka zo da shi a kwamfutarsu. A ba su littafinku na wata shida tun mako guda kafin ranar. A kira manajan depo mafi nisa, wanda intanet ɗinsa yake yankewa, a zaunar da shi a gaban allon. A ce masa dala ta ƙaru da naira 300, dizal ya ƙaru da kashi 20 cikin 100, ya nemo ribar deponsa ta wata uku masu zuwa da matsayinsa a cikin sauran depo-depo, da hannunsa, mai talla yana zaune bai taɓa komai ba. A duba agogo.